Darasi Na Tara: Tsirran Dazukan Oak A Gaɓar Kogin Misisifi

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi samfuri ne na rubutun bayani a fannin kimiyya. Za a duba yadda tsirrai ke zama rukuni-rukuni a tsaunukan da ke gaɓar kogin Misisifi na ƙasar Amurka, a yankin da jihohin Wiskonsin da Minesota da Ayowa suka haɗa iyaka. Ana son a ƙarshen darasin ɗalibi ya iya bayyana abubuwa biyu da ke tantance mazaunin kowane tsiro a wurin, wato rana da wuta.

2.0 Ma'anar Rukunin Tsirrai

Rukunin tsirrai shi ne itatuwa da ciyayi da furanni waɗanda ke rayuwa tare a wuri guda saboda buƙatunsu sun zo ɗaya. Masanin tsirrai John Curtis ya yi nazarin irin waɗannan rukunai a littafinsa na 1959 kan tsirran Wiskonsin. Shi kuwa oak, babban itace ne mai ƙwari da kaurin ɓawo, kowane ɗansa na zaune cikin ɗan ƙoƙo kamar hula. Kurege kan binne 'ya'yan domin ajiya, waɗanda ya manta da su kuwa sai su tsiro.

3.0 Tasirin Rana

Tsaunukan kan kai tsayin mita 150 daga bakin ruwa. Da yake yankin yana arewacin duniya, gangaren da ya fuskanci kudu ko yamma ya fi shan rana, ƙasarsa ba ta da zurfi, ga saurin bushewa. A nan ake samun itatuwan oak jefi-jefi, da ciyayi masu jure fari a tsakaninsu. Wuraren da suka fi tsayuwa, mutanen yankin na kiransu makiyayar awaki.

Gangaren da ya fuskanci arewa ko gabas kuwa yana da sanyi da danshi. A can jan oak ke cuɗanya da mapul, itacen da ake tatsar ruwansa a yi zaƙi. Ƙananan furanni kan yi hanzarin buɗewa a watannin Afrilu da Mayu, kafin ganye ya rufe sama.

4.0 Tasirin Wuta

Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar, irin su Dakota da Ho-Cank, sun saba cinna wa daji wuta. Kaurin ɓawon oak na kare shi, alhali mapul ƙonewa yake yi. Da baƙi suka mamaye yankin a ƙarni na 19, sai ƙunar daji ta ragu ƙwarai. Sakamakon haka mapul ya yaɗu, inuwarsa ta hana ƙananan oak girma, domin su sai da hasken rana. Wannan ne ya sa a yau ma'aikatan gandun daji ke sa wuta da gangan, bisa tsari da kulawa, don kada oak ya rasa magaji.

5.0 Kammalawa

An ga cewa tsauni guda na iya ɗaukar rukunai biyu mabambanta, kuma hana wuta kan canza daji kamar yadda sara kan canza shi.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya bambanta gangaren kudu da na arewa?
2. Ta yaya raguwar ƙunar daji ta cutar da oak?
3. Tsara darasin minti 40 da za ka koyar da kalmomin gangare, danshi, ɓawo da rukuni.