Idan Ubuntu Ya Ce "Unmet Dependencies", Kada Ka Yi Gaggawar Yin Fomatin

Darasinmu na wannan fitowa a kan saƙon nan ne da ke sa mutum gumi ko da sanyin hunturu ake: ka zo sabunta Ubuntu, sai Terminal ya jefo maka "The following packages have unmet dependencies", daga nan komai ka nemi sakawa ya ƙi. Da yawa daga cikinmu sai su ɗauko filash su yi fomatin, aikin wata uku ya tafi. Alhali sau da yawa gyaran bai wuce minti goma ba.

Bari mu fara gane ciwon. A Ubuntu, da Debian wanda aka gina shi a kansa, manhaja ba ta zuwa da duk kayanta. Ƙunshi-ƙunshi ake rarraba ta, kowane ƙunshi yana ɗauke da jerin waɗanda yake dogara da su, har da lambar sigar da yake so. Ma'aikata biyu ke wannan hidima: apt shi ne mai zuwa rumbun Ubuntu a intanet ya lissafa abin da ake buƙata ya sauko da shi, dpkg kuma lebura ne, abin da aka miƙa masa kawai yake kwancewa ya jera. Saƙon can yana nufin wani ƙunshi ya nemi abokin tafiyarsa bai gan shi ba, ko ya ga wanda ba sa'arsa ba.

A wajenmu, abin da na fi gani yana jawo wannan shi ne yankewar aiki a tsakiya. Duk wanda ya taɓa yin hutu ko SIWES a Kankia ko Kusada ya san zancen: ka jira datar dare, ka fara sabuntawa, sai wuta ta ɗauke, batirin laftof ɗin kuma dama ya gaji. Idan a lokacin saukarwa ne aka yanke, da sauƙi, apt zai ɗora daga inda ya tsaya. Idan kuwa dpkg na tsakiyar jera kaya ne, to an bar gini rabi da rabi. Ga yadda ake bi, kuma a wannan jerin:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt --fix-broken install

Na farko yana ƙarasa ƙunshin da aka kwance ba a gama saitawa ba. Na biyu ba ya saka komai, jerin kayan rumbu kawai yake sabuntawa. Na uku shi ke cike giɓin. Amma don Allah, kafin ka danna Y, karanta abin da ya rubuto. Idan ka ga "The following packages will be REMOVED" kuma a ƙasa akwai ubuntu-desktop, danna N. Wani lokaci hanyar da apt ya ga ta fi sauƙi ita ce ya cire mai ƙorafin da duk wanda ya rataya a jikinsa, ka wayi gari da baƙin allo. Ƙara -s a umarnin, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba.

Sanadi na biyu ya fi wuyar sha'ani, kuma nan ne nake so mu daɗe. Wato fayil ɗin .deb da ake yawo da shi a filash daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya san na wace siga ne. Ubuntu mai dogon tallafi yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu: 20.04 a 2020, 22.04 a 2022, 24.04 a 2024. Kayan wannan ba lallai su zauna a wancan ba. Misali sananne shi ne libssl1.1: yana cikin 20.04, amma 22.04 ya koma OpenSSL 3, babu shi a rumbunsa. Ka ɗauko tsohuwar manhaja mai neman libssl1.1, ko sau ɗari ka yi --fix-broken ba zai samo shi ba, don ba ya nan. Rubuta apt policy sannan sunan ƙunshin; idan ka ga "Candidate: (none)", ka gano bakin zaren. Za ka ga masu cewa ka je ka tsinto tsohon libssl ka cusa da ƙarfi. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, domin ƙunshin tsaro ne, kuma babu mai ƙara yi masa faci a injinka. Cire manhajar da sudo apt remove, ka nemo wadda aka yi wa sigarka. Umarnin lsb_release -a zai faɗa maka sigar da kake kai. Kuma ka saba da sudo apt install ./sunan-fayil.deb maimakon dpkg -i, don apt zai kawo abokan dogaron da kansa.

Haka rumbunan waje da ake kira PPA. Leƙa cikin /etc/apt/sources.list.d, duk wanda ka ga na tsohuwar siga ne, ka kashe shi, ka sake apt update. A 24.04 ka kiyayi fayil ɗin ubuntu.sources, wannan na gida ne.

Idan apt update yana ta kawo 404, wataƙila sigarka ce ta mutu: masu gajeren zango wata tara kacal ake tallafa musu. Idan kuma df -h ya nuna /boot ya cika, sudo apt autoremove zai kwashe tsofaffin kanel, shi ma a karanta jerinsa tukuna.

Ga masu tafiya gida inda netwok ke wasa da hankali: tun kana Katsina, yi sudo apt update, sannan sudo apt-get -d upgrade. Zai sauko da kayan ya ajiye a /var/cache/apt/archives ba tare da ya saka ba. Ka isa Kusada, ka cika batiri, ka kwafe foldar furojet ɗinka a filash, sannan ka sake ba da umarnin ba tare da -d ba, kuma kada ka yi apt update a tsakani.