Kumburin Jijiyoyin Jini na Cikin Ido

Can cikin ido, daga baya, akwai tantani mai karɓar haske, ana kiransa retina. Idan jijiyoyin jininsa suka kumbura, gani kan yi dishi-dishi, baƙaƙen ɗige-ɗige su riƙa gilmawa, galibi ba zafi.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, likita kan ɗiga magani mai faɗaɗa tsakiyar baƙin ido, ya leƙa ciki da fitila. Sannan a gwada jini, a ɗauki hoton ƙirji, domin tarin fuka da tunjere suna cikin masu jawo cutar. Wajibi ne a binciki sanadi kafin a ba da sitirod, maganin kumburi, don shan sa shi kaɗai kan ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa. Jinkirin zuwa asibiti kuwa yana iya kai ga makanta.