Darasi na 7: Sauraron Zango da Yawan Isar Saƙo a Rediyo Mai Basira

1.0 Gabatarwa

Duk saƙon da ya bi iska, na rediyo ne ko talabijin ko wayar salula, yana da zangon da yake bi. Zangon nan dukiya ce mai iyaka, shi ya sa a shekarar 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Amma duk da wannan tsada, akan sami zangunan talabijin zaune babu mai amfani da su, musamman a karkara.

2.0 Manufa

A ƙarshen darasin, ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana alaƙar sauraron zango da yawan saƙon da ke isa, cikin Hausar da ɗaliban sakandare za su fahimta.

3.0 Ma'anar Rediyo Mai Basira

Joseph Mitola da Gerald Maguire ne suka gabatar da wannan tunani a shekarar 1999. Rediyo mai basira na'ura ce da ke kasa kunne, idan ta ji zangon wani mai lasisi ya yi shiru sai ta aika nata saƙon, ta janye da zarar ya dawo. Ana iya kwatanta ta da makiyayi a fadamar Haɗeja, wanda kan shigar da shanu gona bayan an yanke shinkafa. Wajibi ne ya tabbatar mai gona ya kwashe amfaninsa kafin ya shiga.

3.1 Kurakuran Sauraro

Kuskure iri biyu ne. Na farko, na'ura ta kasa jin mai lasisi alhali yana nan, sai ta dagula masa shiri, kamar shanun da suka afka wa gonar da ba a girbe ba. Na biyu, hayaniyar iska ta ruɗe ta, ta ƙi shiga zangon da babu kowa. Ƙa'idar IEEE 802.22 ta shekarar 2011 ta gindaya cewa a gano mai lasisi aƙalla sau 90 cikin 100, ruɗuwa kuma kada ta wuce sau 10.

3.2 Daidaita Lokaci

Na'urar kan raba lokacinta biyu: sauraro da aikawa. Idan sauraro ya gajarta, ruɗuwa kan yawaita, a yi asarar dama. Sauri ya haifi nawa ke nan. Idan kuwa ya yi tsawo, lokacin aikawa ya ragu. A shekarar 2008, Ying-Chang Liang da abokan aikinsa a Singafo sun nuna cewa, idan siginar mai lasisi tana da rauni ƙwarai, cikin kowane milisakan 100 sauraron milisakan 14.2 ne ya fi kawo yawan saƙo. Lokacin kan ragu idan na'urori da dama suka haɗa abin da suka ji.

3.3 Amfaninsa ga Yankin Haɗeja

A shekarun 2020 da 2022 ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye gonaki da gidaje a yankin. Ƙauyukan Auyo da Guri da Kirikasamma suna bukatar gargaɗi ya isa gare su kafin ruwa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, zangon talabijin kuma yana tafiya nesa, don haka hasumiya ɗaya tana iya kai intanet ga makarantu da asibitocin da ke tazarar kilomita masu yawa.

4.0 Kammalawa

An ga cewa kare haƙƙin mai lasisi shi ne sharaɗin farko, sannan a nemi tsawon sauraron da zai bar mafi yawan saƙo ya isa.

5.0 Auna Fahimta

1. Bayyana kurakuran sauraro biyu tare da misali daga fadama.
2. Me ya sa tsawaita sauraro ke rage yawan saƙo?
3. Tsara darasin minti 40 a kan wannan batu domin aji ɗaya na babbar sakandare.