Yadda Ake Tsara Intaranet da Fotal na Kwastomomi a Manhajar Kasuwanci

Duk wanda ya taɓa duba sakamakon jarrabawarsa a shafin JAMB, ko ya leƙa asusunsa ta manhajar banki, ya riga ya yi amfani da abin da ake kira fotal. Mutum zai shigar da sunansa da kalmar sirri, sai a nuna masa abin da ya shafe shi kawai. A yau makarantu masu zaman kansu, asibitoci da 'yan kasuwa su ma suna neman wanda zai gina musu irin wannan, kuma sau da yawa matashin da ya fi kowa sanin kwamfuta a wurin ake ɗora wa aikin. Wannan darasi zai bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, tun daga tsari har zuwa gwaji.

Mene ne bambancin intaranet da fotal?

Tsarin gidan Bahaushe zai sauƙaƙa fahimta. Shafin kamfani na intanet kamar ƙofar gida ne, duk mai wucewa yana ganinsa. Fotal na kwastomomi shi ne zaure: baƙon da aka sani zai shigo ya zauna, a kawo masa abin da ya zo nema, amma nan ne iyakarsa. Intaranet kuwa cikin gida ne, ma'aikata kaɗai ke shiga, kuma ko a cikin gidan akwai ɗakunan da ke kulle.

A manhajar kasuwanci, zauren da cikin gidan duk daga rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba. Amfanin haka shi ne, da zarar akanta ya rubuta cewa kwastoma ya biya, nan take kwastoman zai gani a wayarsa. Haɗarin kuma shi ne, farashin sari, albashin ma'aikata da basussukan sauran kwastomomi duk suna cikin rumbun nan. Abin da ya raba baƙo da su shi ne izinin da aka saita. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki ita ce: wa zai ga me?

Mataki na 1: A tattara tambayoyin da ake ta maimaitawa

A ɗauka wani kamfani ne mai rarraba kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano, yana da ma'aikata 30 da masu shaguna 200 da ke saye a wurinsa. Kafin a taɓa kwamfuta, mai tsarawa zai ɗauki mako guda yana rubuta tambayoyin da ke shigowa ta waya da WhatsApp.

Daga ɓangaren kwastomomi zai riƙa jin: nawa ake bi na? An ɗora kayana? A sake turo mini rasit. Daga ɓangaren ma'aikata kuma: nawa ne farashin yau? Katan nawa ya rage a sito? An amince da hutuna?

Tambayoyi uku ko huɗu da suka fi yawa a kowane ɓangare, su ne shafukan farko da za a gina. Sauran su jira. Intaranet da aka cika da tarihin kamfani da hotunan manaja, amma babu farashin yau a cikinsa, ma'aikata za su buɗe shi sau ɗaya su koma WhatsApp.

Mataki na 2: A zana jadawalin izini

A nan ne ya kamata a fi ɗaukar lokaci. A zana jadawali a takarda. A gefe ɗaya a jera rukunonin mutane: manaja, akanta, mai kula da sito, 'yan talla, direbobi, kwastomomi. A sama a jera bayanai: odar kaya, takardun kuɗin kaya, farashin sari, lissafin sito, albashi. A kowane gida na jadawalin a amsa tambayoyi huɗu: zai iya gani? Zai iya ƙirƙirar sabo? Zai iya gyarawa? Zai iya gogewa?

Misali, mai kula da sito yana ganin odar kaya don ya fitar da su, amma ba ruwansa da ribar da aka ɗora. Direba yana ganin adireshin shagon da zai kai wa kaya yau, ba ya ganin bashin mai shagon. Akanta yana rubuta takardar kuɗin kaya, amma soke wadda aka riga aka fitar sai da amincewar manaja.

Akwai hawa na biyu da masu koyo kan manta da shi. Ba wa kwastoma izinin ganin takardun kuɗin kaya bai wadatar ba, dole a ƙara da cewa nasa kaɗai. Hawan farko yana buɗe kabad ɗin takardu, na biyu yana tantance fayil ɗin da mutum zai iya zarowa daga ciki. Ƙa'idar da masana tsaro ke bi ita ce a rufe komai tun farko, sannan a buɗe wa kowa daidai abin da aikinsa ke buƙata.

Abin da sakaci a nan ke jawowa

A watan Mayun 2019, ɗan jarida mai bincike kan tsaron intanet Brian Krebs ya bayyana cewa shafin kamfanin First American Financial na Amurka, mai inshorar mallakar gidaje, ya bar takardu kusan miliyan 885 a buɗe. Cikinsu akwai lambobin asusun banki da hotunan lasisin tuƙi, wasu tun daga shekarar 2003. Ba a buƙatar wata ƙwarewar kutse: duk wanda ke da adireshin takarda ɗaya, idan ya canza lamba a cikin adireshin, sai takardar wani ta buɗe.

A watan Agustan 2021 kuma, kamfanin tsaro na UpGuard ya sanar da gano bayanai miliyan 38 na hukumomi da kamfanoni 47 da suka gina fotal da Power Apps na Microsoft, cikinsu har da American Airlines da Ford. Dalili shi ne manhajar tana zuwa da maɓallin izini a kashe, kuma waɗanda suka gina shafukan ba su kunna shi ba. Daga baya Microsoft ta canza tsarin, ya koma yana zuwa a kunne. A shekarar ce kuma ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet, ta ɗora matsalar izini a matsayi na ɗaya.

Mataki na 3: Zaɓen manhaja

Shawara mafi sauƙi ita ce a gina fotal a inda bayanan suke zaune. Idan lissafin kamfani yana wata manhaja, fotal kuma yana wata, dole wani ya riƙa kwafa da hannu, kuma ranar da ya manta, kwastoma zai ga bashin da ya riga ya biya.

SharePoint na Microsoft, wanda ya fito a 2001, ya dace da intaranet na ofishin da ke amfani da Microsoft 365. Google Sites, da aka ƙaddamar a 2008, yana da sauƙin koyo kuma ya isa wajen sanarwa da ajiye takardu, amma shi kaɗai ba zai nuna wa kowane kwastoma lissafinsa ba. Don wannan ana buƙatar manhajar da ke riƙe da ciniki, sito da lissafi wuri guda, irin su ERPNext na kamfanin Frappe da ke Indiya, ko Odoo na ƙasar Beljiyam, wanda Fabien Pinckaers ya fara a 2005 da sunan TinyERP. ERPNext da nau'in Odoo mai suna Community kyauta ne a sauke su, amma kyautar ba ta haɗa da kuɗin hayar kwamfutar da za ta ɗauki manhajar a intanet ba, balle ladan wanda zai riƙa sabunta ta da ajiye kwafin bayanai.

Mataki na 4: Ginawa, da misalin Odoo

Odoo ya kasa masu amfani da shi gida uku: ma'aikacin ciki, mai shiga fotal, da baƙon da bai shiga da suna ba. A nau'in da ake biya, ana lissafin kuɗi ne a kan ma'aikatan ciki, masu shiga fotal ba a biya musu ko nawa ne yawansu.

Da farko a gyara jerin kwastomomi. Kowane shago ya zama yana da suna ɗaya da adireshin imel sahihi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Odoo yana nuna wa mutum takardun kamfanin da aka rataya sunansa a ƙarƙashinsa. Idan aka yi kuskure aka saka yaron shagon wani a ƙarƙashin shagon maƙwabcinsa, zai iya ganin cinikin maƙwabcin.

Sannan a raba ma'aikata cikin rukunoni bisa jadawalin da aka zana, kada a ba kowa matsayin shugaban tsari don gudun wahala. Bayan haka a buɗe sunan kwastoma a sashen Contacts, a zaɓi ba shi izinin shiga fotal. Manhajar za ta tura masa gayyata ta imel, shi zai zaɓi kalmar sirrinsa da kansa. Da ya shiga zai ga odarsa da takardun kuɗin kayansa, kuma idan an haɗa hanyar biya irin Flutterwave, zai iya biya daga nan.

Mataki na 5: Gwaji kafin buɗewa

A ƙirƙiri kwastomomin gwaji biyu, na farko da na biyu, kowanne da takardunsa. A shiga da sunan na farko, a kwafi adireshin wata takardarsa, a buɗe shi a asusun na biyu. A canza lambar da ke ƙarshen adireshin. A fita daga asusun gaba ɗaya a sake gwadawa. Duk inda takardar da ba ta mutum ba ta buɗe, aiki bai ƙare ba. A kuma lura cewa adireshin da Odoo ke turawa ta imel yana ɗauke da dogon mabuɗi da ke buɗe takardar ba tare da kalmar sirri ba, don haka a gargaɗi kwastomomi kada su tura shi cikin guruf.

A yi gwajin da ƙaramar wayar Android, a wurin da sabis ke da rauni, domin da irinta yawancin masu shaguna za su shiga. Idan shafi yana da nauyi, a rage girman hotuna. Daga nan a fara da kwastomomi goma na tsawon mako biyu, a gyara abin da suka koka da shi, kafin a gayyaci sauran.

Bayan an buɗe

Kowane shafi na intaranet ya zama akwai wanda aka ɗora wa sabunta shi, domin tsohon farashi ya fi rashin farashi illa. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa, ban da kalmar sirri ɗaya ta kowa da kowa, kuma manaja da akanta su kunna tantancewa mai mataki biyu. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a rufe asusunsa.

A Najeriya batun ya shafi doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Aikin gwaji

Mai son koyo ba sai ya jira kamfani ya kira shi ba. Ya zaɓi wata makaranta ko shago da ya sani, ya jera rukunonin mutanen wurin da bayanan da suke riƙewa, ya cika jadawalin izini da tambayoyin nan huɗu. Sannan ya nuna wa mai wurin, ya tambaye shi ko akwai gidan da aka buɗe wa wanda bai kamata ba. Da wannan takarda a hannu, saita kowace manhaja cikin waɗanda aka ambata zai zo masa da sauƙi.