Yadda Ake Shiga Waƙa Mai Wuyar Fahimta

Wanda ya tashi da waƙoƙin Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ya saba mawaƙi ya buɗe da yabon Ubangiji, ya bayyana jigonsa da wuri, amsa-amo na riƙe da baitoci har ƙarshe. Ranar da aka miƙa masa littafin waƙoƙi Labyrinths na Christopher Okigbo, wanda ya fito a 1971, shekara huɗu bayan an kashe mawaƙin a yaƙin basasa, sai kansa ya ɗaure: babu amsa-amo, ɗango guntu-guntu, jigo kuwa ko alama. Kada ka ajiye littafin tukuna.

Da farko, rufe ƙamus. Karanta waƙar a bayyane sau biyu ko uku, kana lura da inda numfashinka ke tsayawa da inda muryarka ke sauka. Irin wannan waƙa ta yar da ma'aunin da muka sani, amma tana da nata kari, kuma kunne kan riga hankali gane shi.

Sai ka ɗauki fensir ka ja layi ƙarƙashin duk abin da aka maimaita. A nan aikin yake, a nan kuma ya kamata ka daɗe. A wajen Okigbo za ka ga ruwa yana ta dawowa. Tattara wuraren wuri guda, ka duba me ke faruwa da mai magana duk sa'ad da ya zo bakin ruwa: roƙo yake yi, tuba yake yi, ko tsoro ne ya kama shi? Abin da mawaƙi ya kasa daina ambata, can ya ɓoye jigonsa.

Yanzu ne lokacin bincike, shi ma na sunaye kawai. Misali, Idoto da za ka ci karo da shi a littafin kogi ne a Ojoto, mahaifar Okigbo, kuma abin bauta a gargajiyar garin. Mawaƙin kuwa a ɗariƙar Katolika ya tashi, ya karanta Latin a Ibadan. Da ka san haka, za ka ji addu'ar coci da ta gargajiya suna ja-in-ja a baki ɗaya.

Kafin ka leƙa sharhin kowane malami, rubuta fahimtarka cikin jimla biyu. Wanda ya fara da sharhi, a ganina, malamin ya karanta, ba waƙar ba.

Wasu ɗangogin za su ƙi buɗuwa ko ta yaya. Sa musu alama ka wuce, ka dawo bayan mako guda, ka sake farawa da karatu a bayyane.