Yadda Ake Tsara Firji a Garin da Wuta Ba Ta Zama

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da iyalansu mazauna unguwannin da ke kewaye, irin su Ja'en da Panshekara da Kumbotso da Dakata da Kawaji. Mutum ya yi ta tari, ko ya shiga adashi, har Allah ya hore masa ya sayi firji ko firiza. An kawo, an jona, yara sun yi murna. Ba a rufa wata biyu ba sai a ji uwargida tana cewa miyar shekaranjiya ta yi tsami, nama ya soma wari, alayyafo ya zama ruwa a cikin leda. Nan take sai a ɗora wa wuta laifi. To, wuta tana da nata laifin, babu musu, amma ɓarna mai yawa daga hannunmu take fitowa.

Sai mu fara da sanin ƙasar da muke ciki. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin firji ba ta san Kano ba, ta ɗauka wuta tana nan dare da rana. Mu kuwa tun kafin kamfanin KEDCO ya karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a watan Nuwamban 2013, har zuwa yau, zuwa take yi tana komawa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta mai da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit, ga shi tun watan Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, tayar da janareta ya zama sai an yi lissafi. A watan Oktoban 2024 kuma, da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, an haura mako guda cikin duhu. A haɗa wannan da zafin bazara, lokacin da ma'auni kan wuce 40 a watan Afrilu. Saboda haka duk mai tsara firji a garin nan, ga tambayar da zai riƙa yi wa kansa: in an ɗauke wuta yanzu, awa nawa kayan nan za su kai lafiya?

Masana kiwon lafiyar abinci sun ba da amsa. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. Firiza in tana cike maƙil tana kai awa 48, in rabi ce awa 24. A lura da wannan da kyau: cikakkiyar firiza ta ninka mai rabi daɗewa, domin kowane daskararren abu yana taya na kusa da shi riƙe sanyi. A zafinmu kuwa gara mutum ya rage wani abu daga wannan lissafi.

Ke nan aikin farko shi ne cike gurbi. Duk inda babu nama ko miya a firiza, a sa gorunan ruwa su zama ƙanƙara. Kada a cika gora har baki, domin ruwa yana kumbura in ya daskare, sai ya fasa ta. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ɗauki biyu ko uku a mayar cikin firji daga sama, tun da sanyi ƙasa yake sauka. Amma ina jan kunnen 'yan'uwa masu aiki a kamfanonin jima da na fenti da na roba: jarkar da ta taɓa ɗaukar sinadarin aiki ba ta komawa ta ruwan sha, komai wankin da aka yi mata, ko da kyauta aka ba ka. Ƙanƙarar da aka yi a cikinta, gobe wani yaro ne zai fasa ya zuba a zoɓo.

Firji kuwa ba ya son cunkoso irin na firiza. Shi iska ce ke zagayawa tana raba sanyi, in an toshe mata hanya da tukwane sai bayansa ya yi ƙanƙara, gabansa ya zauna da ɗumi. Kuma in aka duba, yawancin abin da ya cika mana firji ba shi da hurumin shiga. Albasa da doya da dankali da ayaba da agada, sanyi ɓata su yake yi. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da zuma, kakanninmu sun ajiye su shekara da shekaru ba su san lantarki ba. Tumatirin da bai gama nuna ba a bar shi a inuwa cikin kwando. Burodi ya fi saurin bushewa a firji, in ana so ya daɗe firiza ce wurinsa. Da zarar an fitar da waɗannan, za a ga fili ya samu ba tare da an sayi wani babba ba.

Abin da ya rage, kowanne da mazauninsa. Ɗanyen nama da kifi da kaza can ƙasa, cikin mazubi mai murfi, don kada ruwansu ya ɗiga kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Wannan ɗigar ita ce sanadin amai da gudawa da yawa da ake ɗora wa maiƙo ko ruwan sha. Dafaffen abinci da kindirmo da fura su hau sama. Ganye da karas da kabeji su shiga aljihun da aka yi dominsu, a bushe, don ganyen da aka wanke aka ƙulle a leda da lemarsa ba ya kwana uku. Ƙofa ita ce wuri mafi ɗumi, tun da ita ke cin iskar ɗaki duk sa'ad da aka buɗe. Ruwa da lemo ne nata, ban da nono da kunun aya, waɗanda ba su da haƙuri ko kaɗan. Wanda ke da mai ciwon suga a gida, allurar insulin a cikin firji ake sa ta, daga tsakiya, ba a firiza ba, domin in ta daskare ta lalace.

Yanzu ga inda ma'aikacin kamfani ya fi kowa sanin kan abin. A sito mai tsari, ko a Bompai ko a Sharaɗa, ba a fitar da sabon kaya a bar tsoho. Abin da ya riga shiga shi ke riga fita, kuma kowane kwali da kwanan watansa a jiki. Abin mamaki, mutumin da zai yi faɗa da yaron sito kan wannan doka, in ya koma gida sai ya tura sabuwar miya gaba, ta jiya ta koma lungu har a manta da ita. A kawo dokar sito gida. Sabo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba inda ido zai gan shi. A samu tef na takarda da biro, a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka sa. Ragowar dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa a firji mai wuta, wanda sanyinsa bai haura 5 a ma'auni ba. In wuta tana yawan yankewa, a yi ɗumame washegari a huta. Shinkafa ta fi kowa buƙatar kula, don akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta kashe irinta, kuma in shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta zuba dafin da ɗumamawa ba ta kawar da shi. Kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje kafin a sa shi, a bazara ma awa 1. A juye shi a faffaɗan mazubi mara zurfi ya huce da wuri, maimakon a cusa tukunya sukutum da zafinta.

Haka batun markaɗe. Lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba, kwando ya yi araha, uwargida mai dabara takan saya ta markaɗa da tattasai da attaruhu. Madalla. Sai dai a tafasa shi tukuna ya tsane, ya rage yawa, sannan a ƙulla na miya ɗaya-ɗaya, a kwantar da kowace leda ta yi faɗi kafin ta daskare. Mai faɗi ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa, kuma ana jera ta kan juna ba a bar gurbi ba. Wadda ta zuba duka a bokiti guda, kullum sai ta narkar da shi gaba ɗaya don ta ɗebi ludayi biyu, kafin mako ya zagayo ya yi kumfa.

Babbar jarrabawa ita ce Babbar Salla. A yanka rago, a fitar da na sadaka da na kyauta, sai a danna sauran cikin firiza a manyan ledoji, da ɗuminsa. Gefe ya daskare, tsakiya tana nan ɗanya, ga unguwa duka ta kunna kaya lokaci guda har wutar ta yi rauni. Bayan kwana biyu a buɗe a tarar da abin baƙin ciki. A sani, firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai take yi, kuma sai sanyinta ya kai 18 ƙasa da sifili sannan a natsu. A yanka naman ƙanana, a raba shi daidai girki ɗaya-ɗaya, a baza shi ya daskare kafin a tara. Kayan ciki a dafa su ran nan. A ganina ma, abin da iyayenmu ke yi ya fi dacewa da halin wutarmu: a soya mafi yawa ya soyu ƙarau, a yi dambu, a yi kilishi, a bar wa firiza abin da za ta iya.

Mai aikin dare ko wanda ya yi tafiya, yaya zai san abin da ya faru a bayansa? Ga dabara. A zuba ruwa rabin gora, a kwantar da ita ta daskare a kwance, sannan a tsayar da ita a firiza. In ka dawo ka ga ƙanƙarar ta taru a gindi, to kaya sun narke sun sake daskarewa ba ka nan. Naman da ya saki amma da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke sarai ya yi ɗumi na sa'o'i, kada a tsaya ɗanɗanawa, a zubar, kuɗin asibiti ya fi kuɗinsa.

Shi kansa injin yana da haƙƙi. A matsar da shi daga bango kamar taƙi guda, nesa da murhu da hasken taga. A share ƙurar hunturu da ke taruwa a bayansa. A gwada robar ƙofa da takarda: in an rufe a kanta ta zare ba wuya, robar ta saki, sanyi yana zurarewa, mita tana ci. Ƙanƙara in ta yi kauri a bango a kashe a bari ta narke da kanta, kada a sa wuƙa, don masu gyara sun gaji da karɓar firjin da aka huda wa bututun gas. In an kawo wuta a dakata minti biyar kafin a jona. A kuma hana yara buɗe-buɗe: a zuba ruwan sanyin yini a kula tun da safe, kowa ya sha daga nan.

Wanda bai mallaki firji ba, ko nasa ya cika, akwai tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa a ƙauyuka har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Tana riƙe tumatir da tattasai da yalo da ganye na kwanaki, musamman da rani lokacin da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta yana raguwa, kuma nama da nono ba nata ba ne.