Zuwa ga Yaran Garejin Babura na Lausu



 Magana ce da ni a kan shakazobar gaba, domin na lura aikinta ne kuka fi yi wa gaggawa, alhali shi ne ya fi bukatar a zauna.

Ku fara duba irin baburan da ake turo muku. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, babura da yawa suka gangaro karkara, Jincheng da Bajaj da sauransu. Sun zo da gajiyarsu, muka ƙara musu da buhun masara da na shinkafa a kan hanya tsakanin Rano da Kibiya. Daga 2023 kuwa, da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin manomi. Wanda ke hannunsa shi zai ci gaba da lallaɓawa. Saboda haka duk ƙarfen da kuka lalata, ba lallai mai shi ya iya sayen wani ba a wannan daminar.

Kafin ku ɗaga komai, ku sassauta manyan notinan nan biyu na sama, na kusa da kan babur, tun taya tana ƙasa kuma maƙalar ƙasa tana riƙe da bututun shakazobar. Idan kuka bari sai ƙafar ta fito, bututun zai riƙa juyawa a hannunku, daga nan ne yaro yake ɗauko filaya ya danne shi, ya bar masa tabon haƙora. Bayan haka ku ɗora babur a kan babban sitan, ku tokare ƙasan inji da kututture mai faɗi har tayar gaba ta bar ƙasa. Bulo ɗaya a tsaye a kan yashi ba tokari ba ne. Ku cire wayar birki da ta mita, ku zare sandar taya, ku sauke madigadi. Ku shimfiɗa buhu, kowane noti da wosha a ajiye yadda suka fito, na dama daban, na hagu daban.

To, ga inda ake gane wanda ya koyi aiki. Kun kwance notin maƙala, kun murza bututu, ya ƙi motsi. Shekaru ne na ruwan damina da ƙurar hunturu suka haɗu suka zama tsatsa a wurin. Hannunku zai tafi wajen guduma. Ku mayar da shi. Ku ɗiga kananzir a bakin maƙalar, ku je ku yi salla, ku dawo. Ku sa bakin sukundireba a tsagar maƙalar ku buɗa ta kaɗan, kaɗan fa, don idan kuka matsa za ta tsage. In har sai an buga, ku mayar da notin sama ya shiga sosai, ku ɗora katako a kansa, ku bugi katakon. Wannan farin ƙarfen bututun mai sheƙi shi ne yake shiga yana fita ta cikin sil sau dubbai a tafiya guda. Ƙarzuwa ɗaya a jikinsa ta isa ta riƙa yanka robar, ko da sabuwa ce fil, mako biyu mai ya fara tsiyaya. Man kuma ba a ƙasa yake tsayawa ba, yana bin ƙafar ya gangara wajen birki. Mutum ya ɗauko iyalinsa, ya zo gangare, ya damƙe birki ya ji wayam.

Ku kula da sifirin da ke cikin bututun lokacin buɗewa, a matse yake, kada ku sa fuska a saitinsa.

Da bututun ya fito, ku wanke shi, ku mirgina shi a kan gilashi ko wani abu mai shafe sosai. Idan yana ɗagawa yana sauka, ya lanƙwashe. Na san akwai masu kai shi wajen mai walda a gasa a miƙe, mai babur ya yi murna an rage masa kuɗi. Ni ban yarda da wannan ba. Ƙarfen da ya sha wuta ya yi laushi, ranar da ya faɗa rami da kaya zai nuna halinsa. Ku gaya wa mutum gaskiya, ko da zai yi fushi ya tura baburinsa gaba.

Batun mai ma haka. Baƙin man da aka juye daga inji ba shi da wurin zama a shakazoba, cike yake da garin ƙarfe. Ku zuba mai tsabta, ku auna shi, abin da ya shiga dama shi zai shiga hagu. Ƙiyasin ido shi ke sa babur ya riƙa ja gefe guda, mai shi yana zargin taya. Sil kuwa, gefen da ke da ɗan siririn sifirin shi ke kallon ƙasa, wajen mai.

Wajen mayarwa, ku tabbata ƙafafun biyu sun hau daidai da juna. Kada ku ɗaure komai tamau sai kun sa taya, kun sauke babur, kun danna kansa ya yi sama da ƙasa har komai ya zauna a mazauninsa. Sannan ku bi noti ɗaya bayan ɗaya. Kafin ku miƙa makulli, ɗayanku ya hau ya zagaya, ya gwada birki, ya dawo ya shafa bututun da yatsa ya ga ko akwai danshin mai.

Ku gaishe da mutanen gida. Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam,
Kawunku.